Ƙyale Shi Ya Faɗi

Na san ku, na kuma san abin da za ku ce tun kafin ku gyara zama. Da an ambaci harshen rubuta manhaja da aka ƙera domin kwamfutoci da yawa su yi aiki tare, in ɗaya ta lalace sauran su ci gaba ba wanda ya ji a jikinsa, sai ku taɓe baki. Hajiyar da POS ta cire wa kuɗi jiya ba ta fitar da takarda ba za ta ce, "Malam, tafi can da daɗin bakinka." Ƙanena da ya karanta kimiyyar kwamfuta a jami'a zai ce ai harshe harshe ne, gwani ko da wanne ya rubuta aikinsa zai tsaya. Shi kuwa abokin wasana Bazazzagi, wanda in Bakano ya ce masa rana ta fito sai ya leƙa waje ya tabbatar, tuni ya yanke hukuncin cewa talla na zo yi. To ku matso kusa. Akwai inda zan ba ku gaskiya, amma ba a wurin da kuke tsammani ba.

Mu fara da abin da ba ya bukatar digiri. Kwamfuta ɗaya, komai tsadarta, in wuta ta ƙona ta ko ruwa ya ci ɗakin da take, zance ya ƙare. Duk mai son aikin da ba ya tsayawa dole ya tanadi aƙalla biyu. Da ka tanadi biyu kuma, ka sayo sabuwar rigima. Yaya ta biyu za ta san ta farko ta mutu? Yaya za ta san inda aikin ya tsaya don ta ɗora? In dukansu suna da rai, layin da ke tsakaninsu ne ya tsinke, wa zai saurari wa? Leslie Lamport, masanin Amurka da ya yi shekaru yana fama da waɗannan tambayoyi, ya siffanta irin wannan tsari a 1987 da cewa shi ne wanda kwamfutar da ba ka ma san da zamanta ba za ta lalace, taka da ke gabanka ta zama hoto. Hajiya, ke ma kin san wannan, sai dai ke "netwok ya ɗauke" kike kiransa.

Waɗanda ciwon ya fara kamawa da gaske 'yan tarho ne, tun kafin zamanin intanet. Kamfanin Ericsson na ƙasar Suwidin yana ƙera injinan haɗa kiran waya, sana'a mai tsauraran ƙa'idoji: inji ya riƙe dubban kira lokaci guda, ya yi shekaru a kunne. Ma'aunin da aka saba nema, kashi 99.999 cikin ɗari, yana nufin tsayuwar minti biyar da 'yan daƙiƙu a shekara ɗungurungum. A 1986, a ɗakin binciken kamfanin da ke Sitokholm, wani ɗan Ingila mai suna Joe Armstrong ya fara gwaji, Robert Virding da Mike Williams suka haɗu da shi, abin da ya fito daga hannunsu aka raɗa masa Erlang. A cikin harshen Prolog aka fara gina shi, kuma har yau da kamannin uban a fuskar ɗan: waƙafi nan, aya can, wanda ya saba da Java ko Python in ya fara gani sai ya yamutsa fuska. Mummuna ne, na yarda. Ai ba aurensa na ce ku yi ba.

Ƙanena injiniya, zo mu yi taka. A takarda ka yi gaskiya, duk abin da ake lissafawa da wannan harshe ana lissafa shi da wancan. Amma zancenmu na ranar da abu ya ɓaci ne. A C ko Java, in kana son manhaja ta yi ayyuka da yawa lokaci guda, al'adar ita ce ka raba aikin ga ma'aikata da yawa, dukkansu suna ɗiba suna zubawa a ma'ajiya guda. Don kada biyu su taɓa abu ɗaya tare sai a sa makulli, wanda ya shiga ya kulle, ya gama ya buɗe. Yanzu ɗauka ɗaya ya shiga, ya cire naira dubu goma daga wannan asusu, bai kai ga zuba ta a wancan ba ya faɗi. A C yana iya faɗuwa da makullin a hannunsa sauran su yi ta jira, ko ya tafi da manhajar gaba ɗaya. A Java makullin zai buɗe, na gaba ya shigo ya tarar da lissafi rabi da rabi, ya ɗora a kai bai sani ba. Wanne ka zaɓa?

Erlang ya toshe wannan ƙofa tun daga tushe. Kowane aiki ana damƙa shi ga wani ɗan ƙaramin ma'aikaci, mu kira shi ɗan aike, mai ma'ajiyarsa shi kaɗai da akwatin saƙonsa. Ba ya iya sa hannu a kayan ɗan'uwansa ko da ya so. In yana da magana sai ya aika saƙo. 'Yan aiken ba su da nauyi, kowanne yana farawa da kilobait biyu zuwa uku, don haka kwamfuta ɗaya tana ɗaukar dubban ɗaruruwa, har miliyoyi. Kowane kira da nasa, kowane mai hira da nasa. Injin da ke tafiyar da su, wanda ake kira BEAM, yana ba kowa 'yan dubban matakai sannan ya karɓe ya miƙa wa na gaba, mai haɗama ba ya danne sauran. Za ka ce kai ma kana iya horar da kanka ka bi wannan tsari a Java. Kana iyawa, ƙanena, kai yaro ne mai natsuwa. Abokin aikinka da za a ɗauka baɗi fa, wanda za a tasa da gyara ƙarfe biyun dare? Da wanda ya rubuta guntun manhajar da ka kwaso kyauta a intanet, wanda ko sunansa ba ka sani ba? Abin da harshe ya hana, ba sai an bi kowa ana roƙonsa ya bari ba. Akwai dai ƙofar baya: in ka liƙa masa rubutun C daga waje, wannan in ya faɗi da kowa zai tafi, shi ya sa masu hankali ke kaffa-kaffa da ita.

Ga inda Bazazzagi zai kwashe da dariya. Babbar koyarwar masu Erlang ita ce, in ɗan aike ya ci karo da abin da bai gane ba, kada ya tsaya 'yan dabaru, a ƙyale shi ya faɗi. Na ji ka. "Wato maganin faɗuwa shi ne faɗuwa? Lallai Kanawa kun iya sayar da kaya." Yi dariyarka ka gama, sannan ka gaya mini abin da kake yi in wayarka ta sandare. Kashewa kake yi ka kunna, kuma galibi sai ta dawo garau. Ka taɓa tambayar kanka dalili?

Jim Gray ya tambaya. A 1985, yana aiki a kamfanin Tandem da ke ƙera wa bankuna da kasuwannin hannun jari kwamfutoci a Amurka, ya bi diddigin rahotannin lalacewa, ya raba kurakuran manhaja gida biyu. Akwai mai taurin kai, wanda duk sanda ka bi hanya ɗaya sai ka same shi a tsaye, irinsa yawanci tun a gwaji ake kama shi. Akwai kuma mai layar zana, wanda ba ya bayyana sai abubuwa sun haɗu ta wata siga da ba kasafai ba: saƙo biyu sun iso tare, ma'ajiya ta cika daidai lokacin da layi ya yanke. Ka koma nemansa, ya ɓace. A wani ɓangaren manhaja da Gray ya duba, cikin kurakurai 132 ɗaya tak ne mai taurin kai. Sauran duka, da aka sake gwada aikin daga tsaftataccen mafari, sai ya wuce lafiya. Ashe a manhajar da ta balaga, kashe-ka-kunna shi ne maganin da ya fi ci. Aibinsa kawai girman abin da ake kashewa. Kai waya sukutum kake kashewa, Erlang kuwa ɗan aike ɗaya cikin dubu ɗari yake kashewa, ya tada sabo kafin ka ƙifta ido, sauran ba su ma san an yi ba.

Wa ke tada shi? Nan ne harshen ya yi aikin da nake yabonsa a kai. A Erlang, mutuwa labari ce da ake isarwa. Ɗan aike yana iya ɗaura kansa da wani ko ya sa masa ido, ta yadda in wancan ya faɗi, saƙo zai iso ɗauke da sunansa da dalilin faɗuwarsa, ko da a wata kwamfutar ya faɗi. A kan wannan aka gina tsarin masu sa ido na OTP, tarin kayan aikin da Ericsson ya fara haɗawa a 1996. Ku da kuka tashi a ƙasar sarauta ba sai an zana muku ba. Mai unguwa ba ya noma gonar kowa, aikinsa ya san abin da ke gudana. Rigima ta tashi a gida ɗaya, ya kashe ta nan take, dagaci bai ji ba. In ta dinga tashi ta fi ƙarfinsa ya miƙa wa dagaci, ta gagari dagaci ta je gaban hakimi, sai wadda ta buwayi kowa ke isa fada. Mai sa ido a Erlang haka yake, ba ya taɓa aikin da kansa, shi ya sa da wuya ya yi kuskure. An rubuta masa tun farko abin da zai yi. In wannan yaro ya faɗi, tada shi shi kaɗai. Ko ka kwantar da duk 'yan ɗakinsu ka tada su tare, don aikinsu a sarƙe yake. Ko ka tada shi da waɗanda aka kunna bayansa, tunda da shi suka dogara. Rubutun aiki yana gefe, rubutun farfaɗowa yana gefe. Wanda ya taɓa gadar manhajar da rabinta "in kaza ya faru" ne, ba kuma wanda ya taɓa gwada ko ɗaya a ciki, ya san darajar wannan rabuwa.

Na hango wani dattijo a baya yana ɗaga hannu, da gani ya san tarihi. Bismillah, Baba. "Yaro, ka manta da 15 ga Janairu, 1990?" Ban manta ba, Allah ya ƙara maka lafiya. A ranar layukan kiran nesa na kamfanin AT&T a Amurka suka rikice na kusan awa tara. Inji ɗaya a New York ya ga 'yar matsala, ya kashe kansa ya kunna kamar yadda aka tsara masa. Da ya dawo ya shiga aika wa maƙwabtansa saƙonni, sai wata kalma guda da ta zauna inda bai dace ba a sabuwar manhajar, wadda da C aka rubuta ta, ta sa duk maƙwabcin da saƙo biyu suka riska a jere da sauri shi ma ya faɗi. Ya tashi, ya kayar da na kusa da shi. Injina 114 suka dinga faɗuwa suna tashi suna kayar da juna. Farfaɗowar ce ta zama cutar. Irin wannan ake gudu, Baba, shi ya sa ba a sakar wa mai sa ido mara. Ana gaya masa sau nawa zai tada yaro cikin daƙiƙa nawa. In ba ka faɗa ba, abin da ke rubuce shi ne sau ɗaya cikin daƙiƙa biyar, aka wuce haka sai ya kwantar da yaransa duka shi ma ya faɗi, maganar ta hau sama. Wannan bai isa ya hana injina dabam-dabam kayar da juna ba, amma ya tilasta wa magini ya amsa tambayar tun ran gini.

Baba bai zauna ba. "Ariane fa?" To, nan kam ka kama ni da kyau. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai Ariane 5 ta tashi karon farko daga Kourou, a Giyana ta Faransa, ta tarwatse a sama cikin kimanin daƙiƙa 40. Tana da na'urar auna tafiya guda biyu, ɗaya na aiki ɗaya na zaman ko-ta-kwana, an kuma rubuta manhajarsu da Ada, harshen da aka ƙera don aikin da ba ya son wasa. Wani lissafi da aka gado daga Ariane 4 ya nemi cusa lamba mai bit 64 a gurbin bit 16, sabuwar rokar kuma ta fi tsohuwar gudu a kwance, lambar ta ƙi shiga. Na'urar ta yi abin da aka ce ta yi, ta kashe kanta. Ta ko-ta-kwanan fa? Ai ita ta riga mutuwa, domin manhaja ɗaya ce a cikinsu, lamba ɗaya suka gani. Abin takaicin, lissafin nan ba shi da amfanin komai da zarar roka ta bar ƙasa. Mai taurin kai ke nan, ko sau dubu ka tada shi a wuri ɗaya zai sake faɗuwa. Abin da rabuwa irin ta Erlang ke iya yi shi ne ta bar lissafin banza ya mutu shi kaɗai, bai ja matuƙin roka kabari ba. In kuwa kuskuren a zuciyar aikin yake, ba harshen da zai cece ka. Kada kuma wani ya je ya ce na ce a tuƙa roka da Erlang. Ba a yi shi don aikin da jinkirin ƙiftawa ke halaka mutum ba, kuma a lissafi mai nauyi ba gwani ba ne.

Gani ya kori ji, in ji ku. Ga abin gani. A 1995 wani gagarumin aikin Ericsson mai suna AXE-N, wanda aka yi shekaru ana yi da C++, ya rushe. Aka koma gini da Erlang, a 1998 aka fitar da injin AXD301, wanda rubutun Erlang ɗinsa ya zarce layi miliyan ɗaya, ana kuma iya sauya masa manhaja yana kan aiki, mai kira yana ta zance da surukarsa bai san an taɓa komai ba. Magoya baya suna son su ce injin ya kai kashi 99.9999999, tara har tara, wato tsayuwar da ba ta kai kashi ɗaya cikin talatin na daƙiƙa ba a shekara. Bazazzagi, a nan ci gaba da taɓe bakinka, ka yi daidai. Armstrong da kansa, a kundin digirinsa na uku da ya kammala a 2003 a cibiyar fasaha ta KTH, ya rubuta cewa daga wani allon gabatar da jawabi adadin ya fito, ba a kuma bayyana yadda aka lissafa shi ba. Mai kaya ya faɗi gaskiyar kayansa, dillalai ne suka toshe kunne. Abin dariyar ma, a wannan shekara ta 1998 wani babban sashe na Ericsson ya haramta Erlang a sababbin ayyuka, wai gara a bi harsunan da duniya ke yayi. Ƙarshen shekarar aka sake shi kyauta ga kowa, Armstrong da wasu abokansa suka fice suka kafa nasu kamfanin. Korar ce ta yi wa harshen rana.

Ku da kuke cewa ba ku taɓa haɗuwa da shi ba, ku laluba aljihunku. Da Erlang aka gina uwar garken WhatsApp tun farkon tafiyarsa. A farkon 2012 injiniyoyinsa suka sanar cewa kwamfutarsu ɗaya ta riƙe haɗi sama da miliyan 2 lokaci guda. Da Facebook ya saye shi a Fabrairun 2014 kan kimanin dala biliyan 19, masu amfani da shi sun kai miliyan 450, injiniyoyin kuwa talatin da 'yan kai ne. Duk "barka da Juma'a" da gwaggonku ke turowa rukunin dangi tun kafin a idar da sallar asuba, ta hannun 'yan aiken nan take bi.

"Ahaf!" in ji Hajiya. "Shi ne ran nan ya ɗauke tun la'asar har dare, muka rasa yadda za mu yi da kwastomomi?" Ranar 4 ga Oktoba, 2021 kike nufi, Hajiya, kusan awa shida. Ana cikin gyara ne aka ba da wani umarni da ya yanke manyan layukan da ke haɗa cibiyoyin Facebook, har sanarwar da ke gaya wa sauran intanet ta inda ake zuwa wurinsu ta janye. Hanyar ce ta ɓace. Haka ranar 14 ga Maris, 2024, da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa, intanet ya yi rauni daga Gana har Najeriya. Babu harshen da ke ɗinke wayar da ta tsinke a ƙasan teku.

Tunda mun zo nan, bari in ba ki gaskiyarki cikakkiya, don POS ɗin nan taki ita ce zuciyar maganar. Na'ura ta aika wa banki: cire kaza. Shiru. Me shirun ke nufi? Ko saƙon bai isa ba, ko ya isa kwamfutar bankin ta mutu kafin ta cire, ko ta cire amsar ce ta ɓata a hanya, ko kuwa amsar na tafe, jinkiri kawai ta yi. Daga inda na'urar take, huɗun nan kamarsu ɗaya. Ta sake aikawa, a cire sau biyu. Ta haƙura, a cire ba a ba ki ba. Wannan iyaka ce da aka tabbatar da lissafi. A 1985 Michael Fischer da Nancy Lynch da Michael Paterson suka nuna cewa in jinkirin saƙo ba shi da iyaka, ko da kwamfuta ɗaya ce tak ke iya mutuwa, babu dabarar da za ta tabbatar da cewa sauran za su cimma matsaya a kowane hali. A 2000 Eric Brewer ya kawo wata, Seth Gilbert da Lynch suka tabbatar da ita a 2002: in layi ya raba kwamfutoci gida biyu sai ka zaɓa, ko kowane ɓangare ya ci gaba da amsawa lissafinsu ya saɓa, ko wani ɓangare ya yi shiru lissafi ya zauna daidai.

Erlang bai karya wannan doka ba. Saƙon "wane ya faɗi" da na yaba ɗazu, in layi ne ya yi shiru tsakanin kwamfuta biyu, zato ne kawai. Ɗaya ta yi kamar minti guda ba ta ji motsin 'yar'uwarta ba, sai ta ɗauka ta mutu, alhali wataƙila waccan tana can da ranta, ita ma ta yi wa wannan sallar gawa. Mnesia, ma'ajiyar bayanan da ke zuwa tare da Erlang, in haka ta faru sanar da kai kawai take yi, sulhun naka ne. Daga 2013 wani injiniya mai suna Kyle Kingsbury ya shiga gwada sanannun manhajoji ta hanyar yanke layi tsakanin kwamfutocinsu da gangan, gwajin da ya kira Jepsen. Riak da RabbitMQ, dukkansu 'ya'yan Erlang, sun zubar da bayanai a hannunsa a wasu saituna. ZooKeeper kuwa, wanda ya fita lafiya, da Java aka rubuta shi. Ƙanena, ka ci wannan, amma ban da rawar kai.

An so a ɗora wa harshe wannan nauyin ma. Barbara Liskov ta jami'ar MIT ta gina Argus a shekarun 1980, ta dasa ƙa'idar ko duka ko babu cikin harshen kansa: aikin da ya ratsa kwamfutoci da yawa ko ya kammala ko'ina, ko a warware shi ko'ina kamar ba a fara ba. Ya yi tasiri a wurin masana, amma bai shiga kasuwa ba. Abin da duniya ta zauna a kai shi ne yarjejeniyar rinjaye, irin Paxos na Lamport da Raft da ya biyo baya a 2014. Kwamfuta uku, biyu suka yarda magana ta zauna, ana jure mutuwar ɗaya. Biyar, ana jure biyu. A baki da sauƙi, a aikace da santsi, har Amazon ya koma zana tsare-tsarensa da TLA+, wani harshen Lamport da aikinsa a binciko ko tsari na da rami tun kafin a gina shi. Injiniyoyin Amazon sun ba da labarin kuskuren da suka kama a manhajarsu ta DynamoDB, wanda sai an bi matakai 35 a jere yake fitowa. Wane gwani ne zai hango wannan da ido?

Ciwon Hajiya kuwa mutum ne zai zauna ya tsara maganinsa. Kowace cira a ba ta lambarta ita kaɗai, banki ya riƙa tuna lambobin da ya gani, in saƙo ya zo sau biyu ya aikata sau ɗaya ya amsa sau biyu, wadda ta rataya kuma a bi ta a mayar da kuɗin. Abin da harshe mai kirki ke yi a nan shi ne ya ƙi ɓoye wa mai rubutu ramin. A 1994 Jim Waldo da abokan aikinsa a kamfanin Sun suka yi gargaɗin cewa duk tsarin da ke sa kiran kwamfutar nesa ya yi kama da kiran abin cikin gida yaudara ce, domin ta nesa tana iya yin rabin aiki ta ɓace. Erlang ya biyo ta ɗaya gefen, ya ɗauki kowa a matsayin na nesa ko da a kwamfuta ɗaya kuke. Ka aika saƙo, ba a yi maka alkawarin ya isa ba. Kana son tabbaci, jira amsa, ka sa wa jiran wa'adi, gurbin rubuta wa'adin kuma yana nan a cikin jimlar karɓar saƙon yana kallonka.

Ƙanena zai ce ai yanzu kowa na yin haka ba da Erlang ba. Haka ne, amma ka saurari abin da bakinka ya faɗa. Akka, da Jonas Bonér ya fara a 2009, 'yan aike da masu sa ido ya shigo da su duniyar Java. Kubernetes, da Google ya saki a 2014, cikin manyan ayyukansa akwai ya ga manhaja ta faɗi ya tada ta, sai dai shi sukutum yake tada ta. Harshen Go yana da ma'aikata marasa nauyi, amma ma'ajiyarsu ɗaya ce, kuma ɗaya ya firgita ba a tare shi ba, duk manhajar ta tafi. José Valim ɗan Burazil kuwa injin BEAM ya ɗauka ya yi masa sabuwar fuska mai suna Elixir, siga ta 1.0 ta fito a 2014, Discord na cikin masu amfani da shi. Wanda ya ƙi na farko don muni, ga mai kyau nan, ba sauran hanzari.

Saura kai, Yallaɓai, da ka yi shiru tun ɗazu kana kaɗa makullin mota. Na san abin da ke ranka. Kamfaninka ya sayi kwamfuta biyu, injiniyoyinka sun rantse maka cewa in ɗaya ta mutu ɗayar za ta karɓa, don haka duk surutun nan bai shafe ka ba. Madalla. Netflix ba su tsaya ga rantsuwa ba, manhaja suka ƙera suka yi mata laƙabi da biri, Chaos Monkey, suka kuma sake ta ga jama'a a 2012. Aikinta ta riƙa kashe kwamfutocinsu ba tsari ba sanarwa, da rana tsaka, lokacin da injiniyoyi ke zaune a ofis. Kai ba sai ka nemo biri ba. Ranar Litinin da hantsi ka shiga ɗakin kwamfutocin, ka kama wayar wutar ta farkon, ka waiwaya ka kalli fuskar babban injiniyanka. In ya ce, "Bismillah, Yallaɓai," zare. In ya ce a bari sai Asabar da dare, ka sake ta a hankali, ka ce ya biyo ka ofis da takarda da biro.